Lamba Tara

Gawon Bawa, ta Garagumsa
9 ga Nuwamba, 2012

Zuwa ga ɗana Rashid, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Rahina da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Inno da ke tashi in sanyi ya fara. An gama yankan gero an kai rumbu, mun gode Allah. Dawa ce ba ta yi kirki ba. Ƙanwarka Zuwaira ta zo mana sallar layya, ta koma Mirriya wajen 'yan lekol ɗin da take koyarwa.

Ka yi haƙuri da takarda. Na san yanzu kowa salula yake riƙe da ita, amma ka san yadda bindiga ta bar mini kunne. In an kanga mini abin nan sai in ji kamar zuma ta shiga tulu. Rubutun da na koyo a soja shi ya rage mini.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kartush ɗina, wato harsashin bindigata, ya kusa ƙarewa. Mutumin da nake saye wurinsa a Zango ya rasu, ɗansa ya mai da shagon na kayan kabu-kabu. Zabin daji kuwa bana sun cika kwarin tabki. Shekara talatin ke nan Ɗanƙarami ke koro mini su ina harbi mu raba biyu, yanzu kullum sai ya tsaya ƙofar gida ya tambaye ni ko bindigar ce ta tsufa ko mai ita.

Ina so ka nemo mini kwali ɗaya a can. Na sa maka fotokopin permina na riƙe bindiga a ambulan, ka nuna wa mai shagon. Bindigata sha biyu ce, wannan zai gane. Abin da nake so ka riƙe shi ne lambar dalmar da ke cikin kartush ɗin. Lamba shida nake so. Ka sani, lamba tana hawa ƙwaya tana ƙanƙancewa. Bakwai da takwas na kurciya ne. Shida na zabo da fakara, ƙwayarta ba ta fi ta gero ba. Huɗu na dinya ne da zomo in ya yi nisa. Sai wani da ake ce wa shabrotin, mai manyan ƙwayoyi kamar wake, wannan na barewa ne da gada. Ba na son shi. Barewa ta ƙare a dajinmu, wadda ta rage ma 'yan gandun daji sun hana.

Kowane da aikinsa. In ka harbi barewa da na tsuntsu ciwo kawai ka ji mata, ta je ta mutu inda ba mai yanka ta. In ka harbi tsuntsu da na barewa ka ɓata nama, kuma ƙwayar ba ta tsayawa inda ka nufa. Ƙananan nan da sun yi ɗan nisa ƙarfinsu ya mutu. Manyan kuwa tafiya suke ta yi.

In babu shida ka karɓi bakwai. In babu ita ma, ka bari sai an samu.

Ka gai da Rahina. Inno ta ce a tambaye ka ko ƙaramin ya fara tafiya.

Kawunka,
Ado

*

Yamai, 21 ga Disamba

Zuwa ga Kawu Ado.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Mu duka lafiya. Ƙaramin ya fara takawa, yana bin bango.

Kawu ka gafarce ni da jinkiri. Wasiƙarka ta same ni aiki ya yi mana yawa a madaba'a, kalandar sabuwar shekara muke bugawa, ko hutun Lahadi babu. Amma na samo abin da ka ce. Na zuba su a gwangwanin madara na naɗe da tsumma don kada su jiƙa ko su bugu a hanya. Na ba Mahamud direba, ya ce zai ajiye maka wurin mai shayin tashar Garagumsa. Akwai man zafi na Inna a cikin ledar.

Ka gai da Baba Ɗanƙarami. Ka ce masa ina da rabo a zabuwar farko.

Ɗanka,
Rashid

*

Mirriya, 30 ga Janairu, 2013

Yaya Rashid,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Ni lafiya, sai gajiyar hanya tsakanin nan da Damagaram.

Ranar da abin ya faru na kira ka na faɗa maka a gurguje, ka yi salati, layi ya yanke. Tun daga nan na kira ya fi sau goma ba ka ɗaga ba. Shi ya sa na zauna in rubuto maka yadda aka yi, don kada ka ji a bakin wasu.

Ranar Alhamis ce da hantsi. Baba da Baba Ɗanƙarami suka gangara kwarin tabki kamar yadda suka saba. Baba Ɗanƙarami ya zagaya can bayan geza don ya koro zabin, ya tsaya inda yake tsayawa kullum, taki ɗari da wani abu. Zabin suka tashi ƙasa-ƙasa, Baba ya harba. Ko ɗaya ba ta faɗi ba. Baba bai ji ihun ba saboda kunnensa, har ya fara sa wani kartush, sai ya ga hular abokinsa a ƙasa. Ya same shi kwance, jini ya jiƙa wando. Ƙwaya ɗaya ce ta shiga saman gwiwa ta fasa ƙashi. Baba ya ɗaure wurin da rawaninsa, ya goya shi har bakin gona, daga nan aka samu amalanke zuwa titi.

A babbar likita ta Damagaram aka yi masa radiyo, wato hoton ƙashi, aka yi aiki. Ina tsaye lokotoro ya fito da ƙwayar a ɗan faranti. Yaya, girmanta ya kai wake. Ya tambaya wa ke harbin zabo da irin wannan.

Jandarma sun karɓe bindigar da permi, sun riƙe Baba kwana biyu. Da Baba Ɗanƙarami ya farfaɗo ya ce shi ba ya ƙarar kowa, sai suka sake shi. Da suka tambayi Baba inda ya samu irin wannan kartush, ya ce wani tsohon shabrotin ne ya maƙale a jakarsa tun zamanin barewa, ya haɗu da sauran bai lura ba.

To maganar ba ta tsaya nan ba. Ka tuna bara sun yi saɓani a kan iyakar garka har aka je gaban maigari? An shirya su tun a lokacin, sun ci gaba da cin tuwo tare. Yanzu mutane sun tono ta. Suna cewa mutumin da ya yi soja, ya yi shekara arba'in da bindiga, ba zai kasa bambanta na tsuntsu da na barewa ba. Ba sa faɗa a gabanmu, amma in na shiga taro sai a yi shiru. Inna ta dafa abinci ta aika likita, Barira matar Baba Ɗanƙarami ta mayar da kwanon ko buɗewa ba ta yi ba.

Baba ba ya magana. Yana zuwa likita kullum ya zauna a waje gindin itacen bedi, ba ya shiga. Abin da ya fi ba ni tausayi, ranar da saƙonka ya iso sai da ya zagaya gari da gwangwanin nan a hammata yana cewa ɗansa na Yamai ya aiko. Ka rubuto masa ko layi biyu ne. Maganarka tana shigarsa.

Ƙanwarka,
Zuwaira

*

Gawon Bawa, 17 ga Fabrairu

Rashid,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ɗanƙarami yana samun sauƙi, ba za a yanke ƙafar ba.

Zuwaira ta ce ta rubuto maka. Abin da ya faru ya faru. Na san inda laifin yake, na bar shi tsakanina da Allah. Kada ka zo yanzu. Kada kuma ka sake aiko mini da komai.

Ado

*

Mirriya, 22 ga Afrilu

Yaya Rashid,

Ina gaisuwa. Zafi ya sauka sosai, yaran ajina rabinsu barci suke da rana. Ina fata naku suna lafiya.

Wata uku ke nan. Ban san abin da muka yi maka ba. Na kira Rahina, ta ce lafiyarka ƙalau amma ba ka cin abinci, in an ambaci gida sai ka tashi ka fita. Ta tambaye ni ko faɗa kuka yi da Baba. Na ce ban sani ba, don ban sani ba ɗin.

An sallamo Baba Ɗanƙarami. Ƙafar ta gajarce, gwiwar ba ta lanƙwasawa, da sanduna biyu yake tafiya. Lokotoro ya ce noma kam sai dai ya kalla. 'Ya'yansa maza biyu suna Libiya, ba a san ranar dawowarsu ba. Ga damina tana matsowa.

Baba kuwa in ka gan shi ba za ka gane shi ba. Rigunansa sun yi masa yawa. Da shi ake kira in za a raba gado ko a shirya masu faɗa, yanzu an daina. Satin da ya wuce aka yi suna a gidan liman, ya je ya zauna a tabarma, mutum biyu suka tashi suka koma wata. Ya ga abin da idonsa. Ya zauna har aka shafa fatiha, ya dawo gida bai karɓi goro ba. Ranar Juma'a a sahun baya yake tsayawa, wajen takalma.

Ni ba zan iya gyara wannan ba, mace ce ni, kuma 'yarsa, duk abin da na faɗa za a ce dole in faɗa. Amma kai da ya riƙe ka shekara shida bayan rasuwar mahaifinka, alhali shi da mahaifiyarka 'ya'yan wa da ƙane ne kawai, ba wanda ya tilasta masa, kai ne ka kasa rubuto layi biyu? In fushi kake ka faɗi dalili. In kunya kake ji a ce kawunka ya harbi mutum, to ka faɗa mini in daina wahalar da biro.

Zuwaira

*

Yamai, 6 ga Mayu

Zuwa ga Kawu Ado.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gai da Inna. Mu lafiya. Ka ce kada in aiko da komai, ka yi haƙuri da wannan takardar, ita kaɗai ce. Na fara ta sau da yawa ina yagewa.

Kawu, babu wani tsohon shabrotin da ya maƙale a jakarka. Ni na aiko maka da shi, guda ashirin da biyar.

Wasiƙarka ta yi sati biyar a aljihuna. Na ce maka aiki ne, akwai aikin, amma mantuwa ta fi yawa. Sai ranar da Mahamud ya kira ya ce da azahar zai tashi, sannan na hau kabu-kabu na ruga shagon. Mai shagon ba ya nan, wani ɗan'uwansa ne ke tsare masa. Na ce shida, ya duba ya ce babu. Na ce bakwai, babu. Ya sauko da wani kwali mai lamba tara babba a jiki, ya ce wannan kaɗai ya rage na sha biyu. Na tuna ka rubuta cewa lamba tana hawa ƙwaya tana ƙanƙancewa. Na ce a raina tara ta fi shida ƙanƙanta, in ba ta yi amfani ba ai ba za ta yi ɓarna ba. Layin nan na riƙe. Layin da ka ce in babu in bari, shi na tsallake, don ina jin kunyar a ce wata ɗaya da rabi ban yi maka ɗan wannan ba.

Ba shi ke nan ba. Lokacin da yake miƙo mini, mutumin ya ce, “Wannan kam ko gadu ne sai ya kwanta.” Na ji shi sarai. Na yi dariya na ɗauka kurin 'yan kasuwa ne. A jikin kwalin akwai hoton aladen daji, na gani. Kwalin bai shiga leda ba, sai na juye su a gwangwani na jefa kwalin ƙarƙashin gado. Sannan na zauna na rubuta maka cewa na samo abin da ka ce. Na san ba shida ba ce, ko ba komai ya kamata in faɗa maka. Ban faɗa ba.

Da Zuwaira ta kira ni, ina ajiye salula na jawo kwalin. A ƙarƙashin taran akwai ƙaramin rubutu da faransanci. Ba lambar dalma ba ce. Ƙwaya tara ke cikin kowane kartush, shi ne ma'anarta. Ni da nake cin abinci da karanta ƙananan haruffa, ina gyara wa mutane kuskure kafin a buga, ban karanta na kawuna ba.

Tun ranar nake cewa gobe zan faɗa. Da na ji abin da ka gaya wa jandarma, Allah ya sani, sai na ji sanyi a raina, na ce an rufe. Wannan sanyin da na ji shi ya fi komai damuna yanzu. Sai wasiƙarka ta zo, ka ce ka san inda laifin yake, kada in zo, kada in aiko. Na gane ka sani, kuma ka cire ni daga cikin 'ya'yanka. Na ce daidai ne, na yi shiru, na mai da shirun kamar biyayya. Alhali tsoro ne. Ina tsoron jandarma, ina tsoron aikina, ina tsoron idon Baba Ɗanƙarami wanda ya sassaƙa mini allona na farko.

Kai kana sahun baya wajen takalma, ni ina nan ana gaishe ni. Ban san da bakin da zan ce ka yafe ba. Kwalin yana wurina. Ka faɗa mini inda zan kai shi, wurin jandarma ko wurin maigari, zan kai.

Ɗanka, in ka yarda,
Rashid

*

Gawon Bawa, 19 ga Mayu

Zuwa ga ɗana Rashid.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso. Muna lafiya. An fara ganin hadari ta gabas amma bai sauka ba. Inno tana gaishe ku.

Ka karanta wasiƙata a karkace. Da na ce na san inda laifin yake, kaina nake nufi. Da na ce kada ka aiko, kartush nake nufi, don na bar harbi. Da na ce kada ka zo, don kada a tsare ka da tambaya ne. Ban iya tsara magana a takarda ba, kuma lokacin hannuna ba ya son biro.

Na san abin da ke cikin gwangwanin tun ranar da jandarma suka sake ni. Na dawo gida na yanka ɗaya da wuƙa, ƙwaya tara suka zubo mini a tafin hannu. Na yanka na biyu, haka. Sauran na kwance su ɗaya bayan ɗaya na zuba a tsohuwar rijiya.

Yanzu ka ji nawa, wanda ban gaya wa kowa ba. Kwana biyu kafin abin, na fita ni kaɗai na harbi fakara da kartush ɗinka. Bindigar ta doke ni a kafaɗa yadda shida ba ta taɓa yi ba, fakarar ta tashi lafiya, na ga reshen aduwa can gaba ya karye. Duk wanda ya san bindiga ya san abin da wannan ke nufi. Na tsaya na juya kartush ɗin a hannu. Akwai rubutu a jikinsa, ban iya karantawa ba. Idona ya yi shekara biyu yana raguwa, na kusa ba na gani sai na nesa, wasiƙar nan ma da madubin Inno na tsintar tsakuwa nake rubuta ta a ɓoye. Ban gaya wa kowa ba don kada a ce in ajiye bindiga. Wuƙa tana aljihuna. Da na yanka ɗaya a wurin, da yau Ɗanƙarami yana kan ƙafarsa. Sai na ce a raina tsufa ne ya sa kafaɗata ta yi laushi. Kuma na riga na zagaya gari ina nuna gwangwani, ban so in buɗe in ga ɗana ya yi kuskure.

Kai ba ka san bindiga ba. Ni na sani. Saboda haka kada ka ɗauke mini nawa, ba za ka iya ba. Naka kuma ba zan ce maka babu ba, tun da ka girma. Ka yi ƙarya a layi ɗaya, ka yi shiru wata huɗu. Ni ma na yi wa hukuma ƙarya, na ɗauka rufa maka asiri nake, ashe na bar ka ne kai kaɗai da abin yana cin ka.

Ni na yafe. Amma ba ƙafata ba ce. Kada ka kai kwalin ko'ina, ka zo da shi nan. Mai ƙafar ya kamata ya fara ji, daga bakinka da nawa. Abin da ya ce a yi shi za a yi, ko da komawa wurin jandarma ne mu biyu.

Kawunka,
Ado

*

Gawon Bawa, 16 ga Yuni

Zuwaira,

Sallama. Ina fata kina lafiya, kuma jarrabawar yaranki ta zo da sauƙi. Nan kowa lafiya. Salula ba ta kamawa sai an hau tudu, kuma abin ya fi ƙarfin a faɗe shi a tsaye, shi ya sa na ba mai motar kasuwar Lahadi wannan. Na san Inna ta gaya miki abin da na yi. Kin yi gaskiya a duk abin da kika rubuto, har ma kin rage.

Na samu konje, hutun wata ɗaya daga aiki. Washegarin isowata da safe muka tafi gidan Baba Ɗanƙarami ni da Kawu. Kawu bai taka zauren nan ba tun Janairu. Mun same shi zaune a kan buzu, ƙafar a miƙe, yana tufka igiya. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi yara da sunansu. Na ajiye kwalin a gabansa na faɗi komai, ban rage ba. Kawu ya faɗi nasa, har maganar ido. Barira tana bayan zana tana ji, na ga ƙafafunta.

Bai daina tufkar ba har muka gama. Sannan ya ce shi tun a kan amalanke ya san Ado bai nufe shi ba, wanda ya nufe ka ba ya goya ka yana kuka. Ya ce kuma bai taɓa yarda da zancen tsohon shabrotin ba, don da idonsa ya ga Kawu ya ɗebo daga gwangwani da safen nan. Ya yi shiru ne yana jira ya ga wanda zai fara zuwa. Ya juya wajen Kawu ya ɗaga murya don ya ji, ya ce, “Wata biyar kana zaune gindin bedi da bayan katanga. Ƙafar ba ta yi mini ciwo kamar wannan ba.” Kawu ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Ya ce jandarma ba su da abin da za su mayar masa, a bar su. Amma sunan Ado a gari aka ɓata, a gari za a gyara. Ranar Juma'a bayan an sallame liman ya ba ni dama, na miƙe gaban mutane da kwalin a hannu. Na faɗa, kwalin ya zagaya hannu-hannu. Wasu suka yi salati, wasu suka zo suka ba Kawu hannu. Ba duka ba. Ina fita na ji wani yana cewa an ɗauko ɗan birni ne ya zo ya ɗauki laifi don ba a nan yake zaune ba. Kawu bai ji ba, ni kuma ban gaya masa ba.

Ruwa ya sauka ranar Talata. Gonar Baba Ɗanƙarami muka fara shukawa kafin tamu. Kawu yana sara da sungumi, ni da Barira muna binsa da iri. Har yau ba ta yi mini magana ba, sai dai in na zuba da yawa ta ce, “Rage.” Shi kuma an kawo shi a amalanke, yana zaune a inuwa yana yi mana faɗa cewa layinmu ya karkace. Hannuna duk ya yi kanta, bayana kamar ba nawa ba. Zan tsaya har a yi noman farko.

Jiya da muka tashi na taimaka masa hawa amalanke. Ƙafar ba ta da nauyi, Zuwaira, kamar itace busasshe. Na riƙe ta a hannuna na kasa saki. Na ce, Baba, ka yafe mini.

Ya kalli gonar. Ya ce shi tuni ya yafe wa Ado, don tare suka tsufa kuma ya ga abin da ya biya. Sannan ya ce, “Kai kuwa, in na ce maka na yafe yau, ƙarya na yi. Da safe in na tashi zan miƙe in kasa, kai nake tunawa. Ina roƙon Allah ya cire mini. Ka dawo da kaka ka sake tambayata.”

Na ce to.

Ki gai da mutanen gidanku. In kin samu hutu ki zo, Kawu ya fara cin abinci. Ni kuma na riga na gaya wa Rahina da kaka zan dawo, in bai ce komai ba in sake dawowa.

Yayanki,
Rashid